Waiwaye: jam'iyyar 'yan gurguzu da ba ta iso Katsina ba

Kaɗan ne cikin matasanmu masu jayayya kan gurguzu suka san an taɓa yin jam'iyyar 'yan kwaminis a ƙasar nan. SWAFP ake ce mata, ta ma'aikata da manoma, an kafa ta a 1963. Jagoranta likita ne, Dokta Tunji Otegbeye, tare da Wahab Goodluck na ƙungiyar ƙwadago ta NTUC. Sun riƙi aƙidar Markus da Lenin, sun karkata ga Tarayyar Sobiyet, suna kuma buga jaridarsu mai suna Advance. Ƙarfinsu a Legas yake, cikin 'yan ƙwadago. A wajen zaɓe ba su taɓuka abin kirki ba, kuma a 1966 soja suka rushe ta tare da sauran jam'iyyu.

Akwai manomi a sunanta, amma manomin Daura ko Musawa bai san da ita ba. Ni a ganina dalilin a fili yake. Wanda ke cin talakan nan a lokacin ba mai masana'anta ba ne. Ɗan doka ne da ke tsaye a ƙofar gida ran biyan haraji, da mai ƙidayar shanu ran jangali, da aikin tilas a gandun hakimi. Wannan ciwon jam'iyyar NEPU ta taɓa tun 1950, da Hausar da ake yi a kasuwa, 'ya'yanta suka sha bulala da ɗauri a kansa.

Tunanin Markus ya zo mana daga baya, ta hannun 'ya'yan gida. Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa kuma jikan Sarkin Katsina Dikko, shi ya fi kowa kaifafa shi daga jami'ar Zariya. Da jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. Wannan kam talaka ya ji shi a aljihunsa.

Abin takaici, daɗin bai jima ba. Jam'iyyar ta dare gida biyu, santsi da taɓo, majalisar jihar da jam'iyyar NPN ta mamaye ta hana gwamna naɗa kwamishinoni, sannan ta tsige shi a watan Yunin 1981. Mataimakinsa, Abba Musa Rimi, ɗan ƙasar Katsina, shi ya ƙarasa mafi yawan wa'adin. PRP tana nan har gobe da alamarta ta makulli, sai dai ta ƙanƙance ƙwarai, ko a garuruwan da suka taɓa yi mata ruwan ƙuri'a.