Wace ƙasa ce ta fi kowa a gasar Eurovision? Dokokin da ke ƙarƙashin lissafin

Duk watan Mayu, da zarar an kammala gasar waƙa ta Eurovision, sai tsohuwar gardama ta taso: wace ƙasa ce ta fi kowa tun da aka fara a 1956? Mai gaggawa zai ƙirga kofuna. Zuwa 2025, Ayalan da Suwidin na da bakwai-bakwai, Birtaniya da Faransa da Holan da Luksambag na da biyar-biyar. Lissafin daidai ne, sai dai ba a doka ɗaya aka ci kofunan nan ba. Ƙungiyar kafafen yaɗa labarai ta Turai, wato EBU, mai shirya gasar, ta sha sauya dokokin, kuma kowane sauyi ya ɗaga wasu ya danne wasu.

Mu fara da maki. Tun 1975, kowace ƙasa na ba waƙar da ta fi burge ta maki 12, ta biyu 10, sannan daga 8 a sauko zuwa 1. Ba a yarda ƙasa ta ba kanta ba. A 2016 aka raba makin gida biyu: alƙalan kowace ƙasa su ba da nasu, masu kallo su ba da nasu daban. Makin da ake rabawa ya ninka ke nan, ga kuma ƙasashe sun ƙaru. Ayalan ta yi nasara a 1994 da maki 226, Fotugal ta yi a 2017 da 758. Wanda ya kalli alƙaluman kawai zai ɗauka Fotugal ta yi wa Ayalan fintinkau. To, a 1994 ƙasashe 25 ne, iyakar abin da waƙa za ta iya samu 288 ne. A 2017 kuwa ƙasashe 42 ne, iyakar ta kai 984. Ayalan ta kwashi kusan kashi 78 cikin ɗari na abin da ke ƙasa, Fotugal kashi 77. Ashe kunnen doki suka yi. Shi ya sa duk jadawalin da ya tara maki tun daga farkon gasar zuwa yau ya tauye haƙƙin 'yan da.

Dokar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta harshe, don ba kasafai ake sa ta a lissafi ba. Daga 1966 zuwa 1972, da kuma daga 1977 zuwa 1998, dole kowace ƙasa ta rera waƙarta da ɗaya daga harsunanta na hukuma. A ido adalci ne. A aikace kuwa, Ayalan da Birtaniya da Malta na waƙa da Ingilishi, harshen da yawancin alƙalai ke ji, alhali ɗan Finlan na ta zuba baitin da ba mai fahimta sai mutanen gida. Duka kofunan Ayalan bakwai, daga na 1970 zuwa na 1996, a ƙarƙashin wannan doka aka ci su. Tun da aka soke dokar a 1999 Ayalan ba ta sake ɗaukar kofi ba. Suwidin kuma biyar daga cikin bakwai ɗinta da Ingilishi ta ci su, a shekarun da dokar ba ta aiki. Ba ina rage wa Ayalan komai ba ne, cin gasa sau uku a jere daga 1992 zuwa 1994 ba ƙaramin aiki ba ne. Amma bakwai ɗin nan biyu ba a fili ɗaya aka nome su ba.

Akwai lokacin da EBU da kanta ta auna ƙasashe da ƙoƙarin shekaru. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet da Yugoslabiya, masu son shiga sun fi ƙarfin dare ɗaya. Da farko waɗanda suka zo ƙasan tebur ake dakatarwa shekara guda. Daga 1997 zuwa 2001 sai aka koma duba matsakaicin makin da ƙasa ta samu a shekaru huɗu na baya, daga bisani biyar. Masu ƙarancin maki su zauna gida shekara ɗaya, su dawo a ta gaba. Illar wannan tsari a bayyane take: mawaƙin bana na biyan bashin wanda ya yi waƙa shekaru huɗu da suka wuce. An bar tsarin, kuma a 2004 aka kawo zagayen kusa da na ƙarshe, wanda ya zama biyu a 2008.

Sai dokar manya. A 1996 an fitar da Jamus a zagayen tantancewa, ga shi tana cikin masu zuba kuɗi mafi tsoka. Daga 2000 aka ba Jamus da Faransa da Birtaniya da Sifaniya kujerar kai-tsaye a zagayen ƙarshe, Italiya ta bi sahu da ta dawo a 2011. Saboda haka ƙirga yawan zuwa zagayen ƙarshe bai nuna ƙwazon waɗannan ba. Birtaniya ta tashi da sifili a 2003 da 2021, kuma kujerarta na nan. Yukiren, da ta shigo a 2003, duk lokacin da aka sa ta zagayen kusa da na ƙarshe ta tsallake, kuma ta ci kofi uku: 2004 da 2016 da 2022.

Da ni za a ba aikin jera ƙasashen, zan auna kason makin da kowace ta samu daga iyakar na shekarar, in raba da yawan shigarta, in kuma ware shekarun dokar harshe gefe guda. Da wannan ma'auni, zuwan Birtaniya na biyu har sau 16 zai samu ladan da ƙirgar kofuna ke hana shi, Yukiren kuma za ta haura wasu da suka girme ta a gasar da shekaru arba'in.