Ja da Ruwan Ɗorawa: Abin da Doka ta Ce kan Gargaɗin da Matuƙin Jirgin Sama ke Samu

Ba Basakkwacen da sai an tuna masa ranar 29 ga Oktoba, 2006. Jirgin ADC ƙirar Boeing 737 ya taso daga Abuja zuwa Sakkwato, ya faɗi jim kaɗan da barin ƙasa, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Allah ya jiƙansu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne na'urar gargaɗin jirgin ta yi magana, ta shaida wa matuƙan cewa sun shiga iska mai juyawa. Masu bincike sun ɗora laifin a kan tashi cikin hadari da rashin bin matakan fita daga irin wannan iska, sun kuma ce na'urar kwaikwayon tuƙin da aka horar da matuƙan a kai ba ta dace da wannan darasi ba.

Ke nan ƙararrawa ta yi kuka daban, matuƙi ya gane ta ya yi abin da ya dace cikin 'yan daƙiƙu daban. Wannan ratar ce doka ke son cikewa.

Nijeriya ba ta ƙera manyan jiragen fasinja, saboda haka ƙa'idar yadda ake tsara gargaɗi tana fitowa ne daga inda aka ƙera su. A Amurka ita ce sashe na 25.1322 na dokokin FAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, wanda aka sabunta ya fara aiki a 2011, Turai ma tana da irinta da lamba ɗaya. Ƙa'idar ta raba gargaɗi gida uku. Ja na abin da ke buƙatar mataki nan take ne, kamar gobara a inji. Ruwan ɗorawa yana nufin ka sani yanzu, ka yi aiki a kai daga baya kaɗan. Na uku sanarwa ce kawai, ba a yarda a ba ta ja ko kore ba. Ja da ruwan ɗorawa dole su taɓa matuƙi ta gaɓɓai biyu aƙalla: ido da kunne, ko jijjigar sitiyari a hannunsa. Dole kuma babba ya danne ƙarami idan sun zo tare, kuma a rage gargaɗin ƙarya iya iyawa, domin ƙararrawar da ta saba yin ƙarya, ranar da ta faɗi gaskiya ba mai kula ta.

Akwai ma lokacin da ake rufe wa na'urar baki da gangan. Da zarar jirgi ya kai gudun kusan kilomita 150 a awa a kan titin tashi, jiragen zamani kan danne ƙananan gargaɗi har sai an ɗaga sama, don kada matuƙi ya taka birki saboda matsalar da ba ta kai ta kawo ba, jirgin ya zarce ƙarshen titi.

Kusan kowane layi na wannan doka da rayuka aka saye shi. A 2005 jirgin Helios ya faɗi a Girka da mutum 121. An bar makunnin da ke daidaita matsin iskar cikin jirgi a inda bai kamata ba, da jirgin ya kai kusan ƙafa 12,000 ƙaho ya fara kuka. Matsalar ita ce wannan ƙahon shi ne dai mai kuka idan ba a saita jirgi daidai don tashi ba. Sauti ɗaya, ma'ana biyu. Matuƙan suka bi ma'anar da suka saba ji, suna ta laluben abin da ba shi ne ba har ƙarancin iskar shaƙa ya sumar da su. Bayan haka ne aka tilasta ƙara fitilu masu bambance su biyun. Wanda ya kira wannan kuskuren matuƙi bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa.

Na Air France a 2009 ya fi ban takaici. Jirgin ya ɗaga hanci har iska ta daina ɗaukar fukafukansa. Idan gudun da na'ura ke karantawa ya sauka ƙasa da kusan kilomita 110 a awa, sai kwamfuta ta ɗauka lissafin banza ne, ta kashe gargaɗin. Da matuƙi ya sauke hanci, wanda shi ne maganin, sai gudu ya ƙaru, gargaɗin ya dawo. Wato na'urar tana yi masa tsawa lokacin da ya yi daidai. Mutum 228 suka tafi.

Sai Boeing 737 MAX, a Indunusiya a 2018 da Habasha a 2019, rayuka 346. Na'ura ɗaya tak mai auna kusurwar iska ta lalace, sai sitiyari na jijjiga, saƙon saɓanin gudu da na tsayi suna fitowa, kwamfuta na dankwafar da hanci, ba ko ɗaya da ya ambaci asalin cutar. A 2020 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana ba sabon ƙirar jirgi lasisi sai yana da tsarin gargaɗi na zamani, ko da yake a ƙarshen 2022 ta ɗaga wa wasu nau'o'in MAX ƙafa.

Namu kason yana hannun NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya, wadda ke bin ƙa'idojin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya. Jirgin haya mai injin tabain da ya wuce kilo 5,700, dole ya ɗauki na'urar da ke gargaɗin kusantar ƙasa da kuma TCAS mai hana karo a sama. Ta farkon ita ce idon matuƙi lokacin da hazon hunturu ya rufe filin jirgin Sultan Abubakar III. Kan TCAS kuwa hukuncin a yanke yake tun bayan karon jirage biyu a samaniyar Jamus a 2002, inda mutum 71 suka mutu: idan na'ura ta ce hau, jami'in hasumiya ya ce sauka, na'ura ake bi, cikin daƙiƙa biyar.

Fasinja kan yi mamaki in ya ji jirgi na iya tashi da wata na'ura a lalace. Doka ta yarda, amma da sharaɗi. Kowane kamfani yana da kundin da hukuma ta amince da shi, mai fayyace abin da za a iya tashi ba shi da wa'adin gyaransa: wani kwana 3, wani 10, wani 120, wani kuwa ko taku ɗaya ba a yi sai an gyara. Injiniya ya rubuta a littafin jirgi, ya manna alama a gaban matuƙi, kyaftin kuma yana da ikon ƙin karɓar jirgin ko da kundin ya halatta. Wani jinkirin da ake zama ana tsaki a kansa a ɗakin jira, ko a sansanin alhazai, daga nan yake fitowa.