Yaƙi ya ƙare amma bacci ya ƙi zuwa: tambayoyi kan warkewar 'yan mazan jiya da masu aikin ceto

Mutum ya dawo ba harbi ba karaya, to me kuma ke damunsa?

Gangar jiki ce ta dawo, ƙwaƙwalwa tana can bakin daga. Sojan da ya daɗe yana bacci da ido ɗaya, ko ɗan kwana-kwana da ya sha ciro gawa daga gobara, jikinsa ya saba da zaman ko-ta-kwana kuma abun baya sauka don kawai an cire kaki. Za ka ga ya shigo ɗaki sai ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, abu ya faɗi ya zabura, dare ya yi mafarkin nan dai guda ya farka sharkaf da gumi, warin hayaƙi kaɗai ya isa ya dawo mai da komai. In ya wuce wata ɗaya kuma yana hana shi harkokinsa, shi ne likitoci ke kira PTSD, wato ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta, bayan yaƙin Biyetnam. Da can ragwanta ake ɗaukarsa, a yaƙin duniya na ɗaya an harbe sojojin Birtaniya da na ƙasashen rainonta 306 kan laifuka irin su tsorata da gudu daga fagen fama, sai a 2006 aka musu afuwa.

Ba raunin imani ba ne?

A'a. Kuma wallahi wannan maganar ta hana mutane da yawa buɗe baki. Mai ibada ma yana karaya a ƙafa ai, ba wanda ke ce mai ya ƙara addu'a ya bar ɗori.

To ina malami ko fasto ya shigo?

A ciwo na biyu, wanda ba tsoro ba ne. Jonathan Shay, likitan da ya daɗe yana duba sojojin da suka yi Biyetnam, ya lura wasu abin da ke cinsu shi ne cin amanar da manya suka musu, masu binciken da suka biyo bayansa suka ƙara da abin da mutum ya aikata da hannunsa ko ya kasa hanawa. Za ka ji mutum yana cewa: na bi oda na yi harbi, ashe ba abokin gaba ba ne. Motar asibiti ta iso a makare, yaron ya cika a hannuna. Me ya sa ni na tsira abokina ya tafi? Irin wannan ciwon, ƙwayar magani ba ta amsa shi, mutum tambaya yake ko Allah zai yafe mai, wani ma ya daina ibada gaba ɗaya don yana ganin bai cancanta ba. Anan ake buƙatar malamin da zai saurara har ƙarshe ba tare da ya yamutsa fuska ba, sannan ya yi maganar tuba da gafara da gyara abin da zai gyaru. Mai saurin cewa ƙaddara ce ka manta, gaskiya rufe mai baki kawai ya yi.

Akwai magani a asibiti?

Akwai, kuma yawanci na zama da magana ne. Likita na bin abin da ya faru tare da mutum kaɗan-kaɗan har tunawa ta daina tayar mai da hankali, kusan zama 8 zuwa 15. Akwai kuma EMDR da Francine Shapiro ta fara a 1987, ana motsa ido hagu da dama yayin tunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta amince da duka biyun a 2013, ta kuma ja kunne kan ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diazepam ga wanda abun ya faru da shi kwanan nan. Giya kuwa ƙara dagula baccin take.

Iyali fa?

Kar a matsa mai da ba mu labari, kuma dan Allah kar a tambaye shi mutum nawa ka kashe. A bar shi ya riƙa haɗuwa da waɗanda suka yi aiki irin nasa, da su ya fi sakin jiki. Amma in ya fara rabar da kayansa ko yana cewa gara ba ni, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa mai tunanin. A ɗauke bindiga da magunguna daga kusa da shi, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar.