Sammaci kan tsohon bashin waya: ƙirga shekarun kafin ka biya ko sisi

Wannan matsala ta fi samun masu layin da ake biya a ƙarshen wata, da masu intanet na shago ko ofis. An daina amfani da layi, an manta da shi, kwatsam sai ga ma'aikacin kotu da sammaci, kamfani yana neman kuɗin shekarun baya.

Kada ka ajiye takardar ka ce za ta wuce. Idan wa'adin da ke jikinta ya cika ba ka shigar da martani ba, ranar zama kuma ba a gan ka ba, alƙali na iya yanke hukunci a bayan idonka. Daga nan mai ƙara zai nemi umarnin da zai sa banki ya riƙe kuɗin asusunka.

Abin da za ka fara dubawa shi ne ranar da kuɗin ya wajaba ka biya. A Abuja, dokar ƙayyade lokacin shigar da ƙara ta ba mai bin bashin yarjejeniya irin wannan shekara 6 daga wannan ranar. Kuɗin da ya wajaba a 2016, aka kawo ƙararsa a 2024, ya makara. Sai dai kada ka zauna jiran alƙali ya ƙirga maka, kai ne za ka rubuta wannan hujja a martaninka, ka kuma tsaya a kanta a gaban kotu.

A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami, kuma kunya ce ke jefa su. Wakilin kamfani zai kira da murya mai laushi: "Alhaji, ko dubu biyar ce ka saka, mu san kana da niyya." Biyan wani ɓangare, ko takardar amincewa da bashin mai ɗauke da sa hannunka, na iya sa a fara ƙirga shekara 6 ɗin daga farko. Dokar ba ta ce bashin ya mutu ba, ƙofar kotu kawai ta rufe. Wanda ya san ana bin sa bashin da gaske, yana tsoron haƙƙi, ya biya. Amma ya biya da saninsa, a rubuce, bayan an cire tarar da aka lafta.

Ka nemi a nuna yarjejeniyar da ka sa wa hannu da lissafin kowane wata. In wani kamfani ne daban ya yi ƙarar, ya kawo shaidar cewa an mallaka masa bashin.

Barazanar kawo 'yan sanda kuwa ba ta da tushe: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Lambar waya 622 ta NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, tana karɓar koke kan cajin da bai dace ba, amma kiranta ba ya dakatar da shari'a. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali a shari'a, da sammacinsa a hannu, tun wa'adin bai cika ba.