Ƙadandoniya ba ta cizo

Da damina ta kankama a Legas, mazauna Agege da Mile 12 kan ga ƙadandoniya a bakin kwata, har cikin ɗaki, sai a tashi da takalmi wai tana cizo kuma tana da dafi. Ana rikita ta ne da shanshani.

A duba ƙafafu. Shanshani ƙafa biyu gare shi a kowace gaɓa, jikinsa a baje, ga gudu, kuma shi ke harbi da dafi. Ƙadandoniya ƙafa huɗu ce a yawancin gaɓoɓinta, jiki mulmulalle, tafiya a sanyaye. Yawancin manyan baƙaƙen nan dangin Spirostreptidae ne, da suka bazu a Afirka da Kudancin Amurka. Ruɓaɓɓen ganye suke ci.

Idan aka taɓa ta, nannaɗewa take yi ta fitar da ruwa mai wari daga ƙananan kafofin gefen jikinta. Ruwan kan rina fata ta yi ruwan ƙasa na kwanaki, yana kuma ƙona ido, don haka a hana yara wasa da ita. Ya taɓa hannu, a wanke da sabulu. Ya shiga ido, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a je asibiti.

Laima ke jawo ta. A kwashe tarin ganye da jiƙaƙƙen kwali daga jikin bango, a toshe ƙasan ƙofa.