Ma'anar "strijken": kalmar kiɗan goge a Holanci da wuyar mayar da ita Turanci

A Holanci, harshen da ake yi a Holan da arewacin Beljiyam da Suriname, aikatau ɗaya ne ke ɗaukar aikin mai guga da na makaɗin gogen Turawa. Kalmar ita ce "strijken", wato a shafa wani abu a kan wani, a tafi a dawo. Dutsen guga sunansa "strijkijzer", ƙarfen shafawa ke nan, sandar da ake ja a kan tsirkiya kuwa "strijkstok". Kunnen Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, domin mu ma mai goge goga izga yake yi, mai wanki kuma ya yi guga.

Wahala tana farawa ne idan aka zo mayar da kalmar Turanci. Mutanen Holan sun raɗa wa waɗannan kayan kiɗa suna daga aikin hannu, Turawan Ingila kuwa daga tsirkiyar kanta. A babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Concertgebouw da ke Amsterdam, wadda aka kafa a 1888, masu biyolin da biyola da celo da ƙaton gogen da ake kaɗawa a tsaye, wato gogunan Turawa daga ƙarami zuwa babba, duk "strijkers" ne, masu gugawa. Da Turanci "strings" ake ce musu kawai. Haka "strijkkwartet", wato biyolin biyu da biyola da celo, ya zama "string quartet". Har nan da sauƙi. Amma Holanci yana da wata kalmar, "snaarinstrument", wadda ta haɗa duk wani abin kiɗa mai tsirkiya, har da gita da sauran waɗanda ake kaɗawa da yatsa. Da za a kai namu can, garaya da molo da gurmi da kuntigi za su tsaya a wannan babban gida, goge da kukuma ne kaɗai za su wuce ciki su zama "strijkinstrument". Mai fassarar da ya rubuta "string instrument" ga kalmomin biyu ya rushe katangar da marubucin ya gina da gangan. Dole ya ƙara "bowed" a gaba idan na gugawa ake nufi.

Daga "strijken" aka sami "streek", ja ɗaya na izga. Kalmar kuma tana nufin yanki na ƙasa, shi ya sa ƙamus na gama-gari kan kai mutum dawa. Ja iri biyu ne: "afstreek" da "opstreek", da Turanci "down-bow" da "up-bow". Fassarar ta yi daidai, sai dai duka harsunan biyu suna iya ruɗa ɗan koyo. Mai biyolin yakan ga hannunsa na sauka da hawa, to amma mai celo yana zaune ne, gogen na tsakanin gwiwoyinsa, izgar tana tafiya dama da hagu, babu sama babu ƙasa. Abin da ake nufi shi ne inda jan ya faro. Idan ya tashi daga gindin izga, kusa da hannu, ya nufi tsininta, "afstreek" ne, kuma yakan fito da nauyi, shi ya sa ake yawan ɗora shi a kan bugun farko mai ƙarfi. Idan daga tsini ya dawo gindi, "opstreek" ne. A ganina Faransawa sun fi kowa dacewa a nan, domin "tiré" da "poussé" suke cewa, ja da turawa, abin da hannu ke yi ke nan ko a tsaye ko a zaune.

Sassan jikin gogen su ne suka fi kayar da mai fassara, domin kusan kowanne ya ari sunansa daga kayan gida. Gindin izgar nan, ɗan katakon da ke riƙe gashin doki, wanda ake matsawa da noti don a ɗaure gashin ko a sassauta shi, Holanci na kiransa "slof", silifa. Turanci na cewa "frog", kwaɗo, kamar yadda Jamusanci ke cewa "Frosch", Faransanci kuwa "hausse" yake ce wa katakon, gindin izgar kuma "talon", diddige. Ɗan siririn katakon da ke ɗaga tsirkiyoyi huɗu daga kan cikin gogen shi ne "kam", matsefi, da Turanci "bridge", gada. Makaɗan gogenmu jaki suke ce wa nasu, saboda shi ke ɗauke da kaya. Sai "toets", doguwar baƙar fuskar da yatsun hagu ke danna tsirkiya a kai, wadda ake sassaƙawa daga wani baƙin itace mai tauri ɗan'uwan kanya. Kalmar tana nufin maɓallin fiyano, tana kuma nufin jarrabawar makaranta, amma a jikin biyolin "fingerboard" ce.

Wanda ya fi damuna shi ne "stapel". A maganar yau da kullum tuli yake nufi, kamar tulin littattafai. A cikin goge kuwa wata 'yar sanda ce, kaurinta kamar milimita 6 a biyolin, da ke tsaye a ɓoye tsakanin katakon sama da na baya, dab da ƙafar jaki ta ɓangaren siririyar tsirkiya. Ba a manna ta da gam. Mai gyara yakan soke ta a bakin wani lanƙwasasshen ƙarfe, ya zura ta ta tsagar da ke fuskar gogen, ya tsayar da ita, sannan ya riƙa ɗan matsar da ita yana sauraron yadda amo ke sauyawa. Matsin tsirkiyoyi yana daga cikin abin da ke riƙe ta, saboda haka ake gargaɗin mai goge ya sauya tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kada ya kwance su gaba ɗaya sandar ta faɗi. Turanci na kiranta "sound post", Faransawa "âme", Italiyawa "anima", duka biyun ruhi ke nan. Idan takardar gargaɗi ta fito da Turanci tana maganar "stack", wanda ya sayi gogen ba zai san akwai abin da zai faɗi a ciki ba, kuma ɗaure tsirkiya a kan gogen da sandarsa ta faɗi na iya tsaga katakon sama.

Akwai kuma kalmomin da aikin mai fassara shi ne ya bar su yadda suke. "Pizzicato", kaɗa tsirkiya da yatsa, da "arco", komawa ga izga, na Italiyanci ne, haka makaɗa ke faɗinsu a Amsterdam da Landan. "Flageolet" ce ke yaudara: ta yi kama da irin waɗannan, amma mai jin Turanci zai ɗauka wata 'yar sarewa ake nufi. Mutumin Holan yana nufin siririn amon nan mai kama da fito da ke fitowa idan aka ɗora yatsa a kan tsirkiya ba tare da an danna ba, kuma Turancinsa "harmonic". "Losse snaar" ma, kalma da kalma tsirkiya ce sakakkiya, mai karatu sai ya zaci ta kwance ne tana neman ɗauri, alhali tsirkiyar da aka kaɗa babu yatsa a kanta ake nufi, wadda Turanci ke kira "open string".