Maleshiya: Al'ummarta da Ƙa'idojin Shigar Ɗalibai Cikinta

Maleshiya ƙasa ce a kudu maso gabashin Asiya wadda ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a ranar 31 ga Agusta, 1957. A 1963 aka haɗe yankin Malaya da Sabah da Sarawak, ƙasar ta ɗauki sunan da take amsawa yau. Ɗaliban Najeriya da dama na zuwa can karatu, musamman digiri na biyu da na uku.

Ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan ƙasa Bumiputera ne, wato Malayawa da sauran ƙabilun asali. Sinawa sun kai kashi 23, Indiyawa kuwa kusan kashi 7. Zamanin Turawan mulkin mallaka ne Sinawa suka kwararo aikin haƙar kuza, aka kuma kawo Tamilawa daga kudancin Indiya aikin gonakin roba. Bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu, 1969, gwamnati ta ɓullo da tsarin fifita Bumiputera a harkar karatu da kasuwanci. Batun ƙabila, addini da sarakuna abu ne mai zafi har yau, kuma baƙo mai hankali ba ya tsoma baki a ciki, ko a Facebook.

Musulunci ne addinin ƙasa, sai dai mazhabar Shafi'iyya ake bi. Bahaushen da ya tashi a Malikiyya zai ji liman yana bayyana Bismillah a Fatiha, yana alƙunutin Asuba bayan ruku'u da hannuwa a ɗage. Abincin halal ba ya wuya, domin hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, JAKIM, ce ke ba da tambarinsa. Amma gidajen cin abincin Sinawa da yawa suna dafa naman alade, don haka a duba tambarin kafin a zauna.

Shigar ɗalibi ƙasar kan fara ne da takardar gurbin karatu. Daga nan ake tura buƙata ta EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗaliban ƙasashen waje, tare da fasfo mai sauran aƙalla wata 18. Idan hukumar shige da fice ta amince, sai ta fitar da eVAL, takardar amincewa da ba da biza, wadda ke aiki na wata shida. Da ita ɗalibi zai nemi bizar shiga sau ɗaya. Ofishin jakadancin Maleshiya a Najeriya yana Abuja. Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar dole ya riƙe katin rigakafin shawara.

Wannan biza ba ita ce izinin zama ba, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Cikin kwana bakwai da sauka sai an yi gwajin lafiya a asibitin da EMGS ta amince da shi: jini, fitsari da hoton ƙirji. Wanda aka samu da tarin fuka, ƙanjamau ko alamar miyagun ƙwayoyi a fitsari kan koma gida da asarar kuɗinsa, shi ya sa yin gwajin tun a gida ya fi. Bayan an ci gwajin ne makaranta ke miƙa fasfo a manna izinin zaman ɗalibi.

Sabunta izinin na buƙatar halartar aji kashi 80 da makin CGPA 2.0 zuwa sama. Izinin a ɗaure yake da makarantar da ta nema, sauya makaranta kuwa sai da sabuwar buƙata. An yarda ɗalibi ya yi aikin sa'a 20 a mako lokacin hutu kawai, a wurare irin su otal, gidan abinci da gidan mai, bayan samun amincewar hukuma. Kuɗin irin wannan aiki ba zai biya makaranta ba, kada wani dillali ya ruɗi iyaye da shi. Zarce wa'adin zama na jawo tara, ɗauri ko kora, safarar miyagun ƙwayoyi kuwa hukuncinta na iya kaiwa ga kisa.